A Wuyan Wa Haƙƙin Mai Naƙuda Yake?

Duk wanda ya saba zama a wurin makoki a ƙasarmu ya san kalmomin da akan faɗa idan mace ta rasu a kan gwiwa, domin kusan iri ɗaya ne tun daga Sakkwato har Damagaram: a ce kwana ne ya ƙare, a ce ai ta yi shahada, a ba mijin haƙuri, a yi wa jaririn addu'a in ya zo da rai, sa'an nan a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Babu ƙarya cikin waɗannan kalmomi, kuma ba ni da nufin rage musu daraja, gama Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya ƙidaya matar da ta mutu ta dalilin abin da ke cikinta a sahun shahidai, wannan kuwa bushara ce mai sanyaya zuciyar uwar da aka fita da gawar 'yarta a gabanta. Amma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, hadisin nan ɗaya ya ƙidaya wanda ruwa ya ci, da wanda wuta ta ƙone, da wanda gini ya rufta wa, alhali ban taɓa jin malamin da ya ce maginin da ya yi ha'inci ya kuɓuta daga alhaki don waɗanda gininsa ya danne sun yi shahada ba, ko kuwa ya ce mutumin da ya tsaya a bakin kogi da igiya a hannunsa, yana kallo har ruwa ya tafi da ɗan'uwansa, ba za a tsayar da shi ranar hisabi ba. Shahada daraja ce tsakanin mamaciya da Ubangijinta. Mu da muka rage a raye, tamu tambayar tana nan ba ta faɗi ba.

Girman al'amarin kuwa ya wuce a yi masa kallon musibar gida ɗaya. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata wajen 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023, kuma wajen 75,000 daga cikinsu a Nijeriya suke, watau fiye da rubu'in matan duniya da suka mutu ta wannan hanya, fiye da mata 200 ke nan kowace wayewar gari. Abubuwan da ke kashe su kuma sanannu ne, har tsofaffin ungozomomi suna iya lissafta su: zubar jini bayan an sauka, da jijjigar da hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan ƙazanta a wajen karɓar haihuwa. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka ga cewa mafi yawan masu mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su ranga-ranga bayan an gama gwada abin da aka sani a gida, suka kuma ga cewa duk inda mace ta sami ilimi haɗarin yana raguwa ƙwarai.

To, a nan ne mai son gudun magana yakan fake da ƙaddara, kuma wajibi ne a ba shi amsa da ladabi, saboda imani da ƙaddara rukuni ne na imani, ba abin da mai hankali zai yi wasa da shi ba ne. Mun yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma Wanda ya ƙaddara ajali Shi ne ya ƙaddara sabubba, ya kuma ɗaura musabbabai a kansu bisa sunnarsa a cikin halitta, har ya zama barin sababi da sunan tawakkali rashin ladabi ne ga Mai sunnar. Yayin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a, da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe bai fita daga hukuncin Allah ba. Mafi kusa da maganarmu ma shi ne abin da Alƙur'ani ya ba mu labari game da Nana Maryamu, wadda zafin naƙuda ya kai ta gindin dabino har ta yi burin mutuwa, amma duk da matsayinta, duk da halin da take ciki, aka umurce ta da ta girgiza kututturen kafin nunannun 'ya'yan su zubo mata. Malaman tafsiri da yawa sun ciro daga nan cewa arziki yana tare da motsi, ko da motsin mai rauni ne.

Wanda yake son ya ga wannan sunna da idonsa sai ya dubi abin da ya faru a Kano. Jijjiga, wadda wasu suke danganta ta da iska har su nemi hayaƙi da tofi, tana da allura mai araha da ake kira magniziyam salfet, wadda likitoci suka tabbatar da amfaninta tun da daɗewa. A shekarar 2008, da tallafin Gidauniyar MacArthur ta Amurka, aka wadata asibitoci 10 na jihar da wannan allura, aka koya wa ma'aikata yadda ake yin ta, sai ga mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga wajen mace 1 cikin 5 zuwa abin da bai kai 3 cikin 100 ba. Haka kuma a 2023 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, inda aka ga cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ta zubar, don a gane haɗari da wuri maimakon ƙiyasin ido, sa'an nan aka haɗa mata magungunan a lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba, mummunar zubar jini tana raguwa da kashi 60 cikin 100. Matan nan da suka tashi suka koma gidajensu, da ƙaddarar Allah suka tashi. Waɗanda suka mutu kafin zuwan allurar ma da ƙaddararsa suka mutu. Amma bambancin da ke tsakanin jama'un biyu wani aiki ne da hannun ɗan Adam ya yi a wuri ɗaya, ya bari a wani wurin, kuma a kan aiki da bari ne ake hisabi.

A misalan nan biyu kuɗin daga waje suka zo, kuma wannan shi ne ya kawo ni ga mas'ala ta biyu. Tun bayan taron Nairobi na 1987, inda Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yawan Jama'a suka ɗaga muryar kare ran mai haihuwa, taimakon ƙasashen waje ya shiga wannan fage da ƙarfinsa, kuma zalunci ne mutum ya yi musun alherin da aka gani. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga ta Katsina a farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari waɗanda mazansu suka saka, danginsu suka ware musu kwano da tabarma, sai ya mayar da rayuwarsa ga ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki, ya kuma koyar da likitocinmu masu yawa. A Jahun ta Jigawa ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF tana karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, a Danja kusa da Maraɗi kuma an buɗe cibiyar irin wannan aiki a 2012. Game da halaccin karɓa kuwa, ban ga wurin dogon saɓani ba, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora a tafiyar hijira alhali yana kan addinin mutanensa, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, ya kuma tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin Harisu ɗan Kalada likitan Saƙifa don ya yi masa magani. Gwaninta da amana su aka duba a duk wuraren nan.

Duk da haka ba zan bi sahun masu kiran talakanmu jahili don ya yi ɗari-ɗari da abin da baƙo ya miƙo masa ba, gama wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani gwaji da ya shafi yara wajen 200, aka rasa 11 daga cikinsu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Kuma wanda bai san wannan ba ba zai fahimci abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ba, ƙauracewar da ta jawo wa yara masu yawa naƙasa a nan gida da ƙasashen maƙwabta. Haka nan taron Alƙahira na 1994 a kan yawan jama'a, wanda Saudiyya da Sudan suka ƙi halarta, malaman Azhar kuma suka yi suka a kan wasu sassan daftarinsa, ya bar wa mutane zaton cewa duk maganar lafiyar mata wata hanya ce ta rage zuriyar Musulmi. Mai bayarwa yana da manufarsa, wannan gaskiya ne, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Saboda haka tantance abin da za a karɓa da abin da za a mayar haƙƙinmu ne, aikin malamai da likitocinmu ne su zauna tare su yi shi. Sai dai tantancewa daban take da ƙin komai. Tazarar haihuwa, alal misali, ba baƙo ne ya koya mana ita ba: Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, sahabbai sun yi azalu a zamanin saukar wahayi, kakanninmu kuma suna ganin kwanika abin kunya ne ga miji da mata, har akan mayar da mai jego gidan iyayenta don ta huta.

Amma mas'alar da ta fi damuna ba ta halacci ba ce, ta wajibci ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ilimin likitanci farilla ce ta kifaya, watau wadda idan wasu suka tsaya da ita gwargwadon buƙata ta faɗi daga kan saura, idan kuwa aka rasa masu tsayawa kowa ya yi zunubi. Ya kuma koka da cewa a zamaninsa akwai garuruwan Musulmi da ba su da likita sai daga cikin ahlul zimma, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani da jidali waɗanda garin ya riga ya ƙoshi da masanansu. Ibn Haldun ma ya keɓe wa sana'ar ungozoma fasali guda a Muƙaddimarsa, ya sanya ta cikin sana'o'i masu daraja da ɗan Adam ba ya wadatuwa ga barinsu, shi kuwa Zahrawi likitan Ƙurɗuba ya rubuta wa ungozomomi yadda za su yi da haihuwar da ta zo a karkace, har da zanen kayan aiki. To, tambaya ita ce: idan baƙo ya zo daga bayan teku ya ɗauki wannan farilla, shin ta faɗi daga wuyanmu?

Mai ilimin usulu zai iya cewa abin da ake nufi a farillar kifaya shi ne aikin ya samu, ba a duban wanda ya yi shi, kamar yadda idan wani mai wucewa ya tsamo wanda ruwa zai ci babu sauran wajibcin tsamowa a kan mutanen gari. Na yarda da wannan a kan matar da aka riga aka ceta. Amma sharaɗin faɗuwar farilla shi ne a sami kifaya, watau isarwa, kuma mata 200 da ake binnewa kowace rana shaida ne cewa ba a isar ba. Bayan wannan kuma, abin da yake rataye ga nufin wani, wanda zai iya janye shi ranar da ya ga dama ba tare da ya shawarce mu ba, ba a kiransa isarwa ko da ya yi yawa, domin kayan aro ba ya rufe katara. Mun ga haka ƙuru-ƙuru: a 2021 Birtaniya ta yanke kashi 85 cikin 100 na abin da ta yi alkawarin ba shirin kayayyakin tazarar haihuwa na Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Janairu na 2025 kuma sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakonta na ƙasashen waje, kafin watan Yuli ya wuce an rufe hukumar USAID ɗungurungum. Ban ga dalilin zagin wanda ya ba da nasa ya kuma daina ba, ko da yake yanke magani ga marar lafiya ba tare da ba shi wa'adi ba abu ne da lamirin kowane addini yake ƙyama. Abin da ya fi cancantar mu tsaya a kansa shi ne alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka da bakinsu a Abuja cikin watan Afrilu na 2001, cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, alkawarin da gwamnatin tarayyar ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika shi ba.

Shugaba shi ne na farko da za a tambaya, saboda shi aka ba kiwo, kuma kiyaye rai da kiyaye zuriya biyu ne daga cikin larurori biyar da Imamu Shaɗibi da waɗanda suka gabace shi suka ce shari'a ta zo don tsare su, mai ciki kuwa ta haɗa duka biyun a jiki ɗaya. Amma zai zama sauƙaƙa wa kai ne a jibga wa hukuma kome a tashi. Masana sun ce jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti, na farkon kuwa a cikin gidajenmu yake, babu kuɗin wata ƙasa da zai shiga ɗaki ya kawar da shi. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye ciwonta saboda kunya, tsofaffi su ce a ƙara haƙuri ai haka kowa ta yi, maigida ya tafi kasuwa ko ci-rani bai bar izini ba, kuma babu mai ƙarfin halin fita da matar wani ba da yawunsa ba, har kwana biyu su wuce kan ɗa yana tokare, abin da ke haifar da yoyon fitsari in an tsira da rai ke nan. Ina kiran malamanmu da su faɗa a kan mumbari, da harshen da kowa zai gane, cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma babu izinin da ake jira idan rai yana cikin haɗari. Su kuma tuna wa magidanta abin da ke cikin littafin da suke karantarwa a zaure, gama Shaihu Halil a Muhtasar, wurin da yake lissafta abin da ciyarwa ta ƙunsa, ya sanya ladan ungozoma a kan miji tare da ruwa da mai da itace da gishiri. Idan kuwa ungozomar zamaninmu ita ce wadda ta yi karatu take aiki a asibiti, to kuɗin awo da na mota da na jini sun shiga ƙarƙashin wannan hukunci, kuma tanadinsu ya fi tanadin ragon suna zama wajibi, tun da yanka sunna ce. A jihar Damagaram an gwada tara magidanta a abin da aka kira makarantar mazaje, suna tattauna irin waɗannan al'amura a tsakaninsu, aka kuwa ga mata sun ƙara zuwa awo.

Akwai kuma wani saɓani a halinmu da ya kamata mu dube shi da idon basira. Mutum ne zai ce ba ya yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa, kuma kishinsa abin girmamawa ne, amma shi ne kuma zai cire 'yarsa daga makaranta kafin ta kai inda za ta zama ungozoma ko likita, kamar dai matan da yake so su duba iyalinsa daga sama za su faɗo. Ƙa'ida ce sananniya wurin malamai cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne; saboda haka karatun 'ya'ya mata har su ƙware a wannan fanni ya shiga cikin farillar. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasar Hausa, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka a Nurul Albabi ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje, 'yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar 'Yan Taru, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basur, yana kan gadon mulki.

Saura mawadatanmu. Na san gari da masallatan Juma'a suka yi yawa har sahu ba ya cika a wasunsu, amma asibitin garin ba shi da firjin ajiye jini mai wutar da ba ta yankewa, kuma ban ce gina masallaci ba lada ba ne, sai dai ina ganin mun taƙaita ma'anar sadaka mai gudana fiye da yadda magabata suka fahimce ta. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi ya rayu ƙarni bayan ƙarni, ana duba mawadaci da matalauci, maza da ɓangarensu mata da nasu, ba tare da jiran jirgin wata ƙasa ba. Waƙafin da zai ɗauki nauyin 'yan mata goma daga ƙauye har su gama makarantar ungozoma su dawo su zauna cikin danginsu, ko ya sayi allurar jijjiga da ta tsayar da jini na shekara guda, bai fi ƙarfin attajiri ɗaya daga cikin masu zuwa Umra kowane azumi ba. Talaka ma yana da nasa rabo: a jihohi da dama na Arewa direbobin ƙungiyar NURTW sun karɓi horo suna ɗaukar masu naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare ne, ba sa neman abin da ya wuce kuɗin mai. Da kowane limami zai ajiye littafi a masallacinsa, a rubuta lambar irin waɗannan direbobi, da sunayen samarin unguwa waɗanda aka gwada jininsu suka yarda a tashe su in buƙata ta taso, da mijin da aka ce wa ya nemo leda biyu ta jini da ƙarfe biyu na dare ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.